Babbar bindigar gam mai wat 300: ta biya kuɗinta a shagona, amma da sharaɗi

Idan kana manna kwali ko soso ko yadi tun safe har la'asar, babbar bindigar gam ta cancanci kuɗinta. Idan kuwa aikinka bai wuce liƙa 'yan furanni a jikin kwandon lefe ko gyara kwalliyar ɗaki jefi-jefi ba, riƙe kuɗinka, ƙaramar nan ta wat 20 ko 40 ta ishe ka har ta yi saura.

Sana'ata kwali ce, a nan Kano. Ni da yaran shagona muna yanka kwali mu haɗa akwatunan rabon biki, da na turaren wuta da humra, da na masu sabulu, sannan mu rufe wa 'yan kasuwa manyan katan-katan da za su aika ta tasha. A da ƙananan bindigogi muke amfani da su, masu cin siririn kyandir, wato sandar gam, na milimita 7. Ba sa narkar da gam daidai da saurin hannun mai aiki. Ka ja layi ɗaya lafiya lau, kafin ka gama na biyu kunama ta yi tauri, sai ka tsaya jira, gam ɗin da ka fara zubawa kuma ya riga ya daskare. A lokacin bukukuwa, bayan Sallah, wannan jiran kaɗai ya isa ya sa ka saɓa wa Hajiya alkawari.

Wadda nake magana a kai a Sabon Gari na saye ta, wajen masu kayan wuta na France Road. Ƙirar China ce. Sunan da ke jikinta ba zai amfane ku ba, domin na ga gangar jiki iri ɗaya sak da sunaye daban-daban da launi daban-daban a shaguna. Abin da za ku duba shi ne wannan: wat 300, wutar bolt 220 zuwa 240, kyandir mai kaurin milimita 11, maɓallin kunnawa da 'yar fitila, da abin murɗa zafi daga digiri 140 zuwa 220. Bakinta na tagulla ne mai kwancewa, an sa masa rigar roba mai jure zafi. Kunamarta doguwa ce, yatsu huɗu ke kama ta, ba yatsa ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa wuni yana matsa ƙaramar bindiga ya san abin da wannan ke nufi ga tsintsiyar hannu. Cikin 'yan mintuna take ɗaukar zafi idan wuta na da ƙarfi, daga nan kuma gam ke ta zuwa, ba ta ce maka dakata.

Abin murɗa zafin nan, a wurina, shi ne rabin kuɗinta. Kyandir ɗin da muka saba da shi, fari ko garai-garai, da wata roba ake yin sa da ake kira EVA, haɗe da kakin da ke sa shi gudu da ƙaron da ke sa shi kamu. Yana aiki daidai tsakanin digiri 180 zuwa 200. A kan kwali mai ruwan ƙasa, na katan, ina barin ta a 190. Idan mun koma kan satin da ribon da karan-miski na cikin akwatin amare, sai in sauko da ita wajen 160, don a zafi mai yawa gam ɗin ruwa yake zama, ya huda yadin ya fito ta gaba ya bar tabo mai sheƙi da ba ya fita. Farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake tokare talabijin da shi a kwali, shi kam ko a 140 sai ya lotsa. Dabarar ita ce ka zuba gam a ɗaya ɓangaren, ka ƙirga uku ko huɗu, sannan ka haɗa. Ko kuma ka nemi kyandir mai narkewa a ƙaramin zafi, na wajen digiri 120 zuwa 130, in ka same shi.

Ƙarshen ma'aunin, 220, ba na kyandir ɗinmu ba ne. An tanade shi ne saboda wasu nau'o'in masu jure zafi, irin na foliyamid, masu launin zuma ko baƙi, da ake amfani da su a aikin katako da kayan lantarki. Amma yaro in ya ga lamba mafi girma, gani yake nan aikin ya fi sauri. Ka bar farin kyandir a wannan zafin, gam zai fara fitowa rawaya, ya koma ruwan ƙasa, hayaƙi siriri na tashi daga baki, shago ya ɗauki wani wari mai tsami mai shiga hanci da ido. Robar ce ke ƙonewa, tana sakin sinadarin tsamin da ke cikin khal. Gam ɗin da ya kai haka ya rasa ƙarfinsa, kuma ƙonannen da ya manne a cikin tukunyar bindigar, inda gam ke narkewa, shi ne zai riƙa ɓantarowa yana toshe baki daga baya. Ni dai na ɗiga jan fenti a kan 190, na ce wa yara duk wanda ya wuce jan nan ba da izinina ba, ni da shi ne.

Sai maganar wuta, wadda takardar da ke cikin kwalin ba ta san da ita ba, domin wanda ya rubuta ta bai zauna a unguwarmu ba. A ganina wutar lantarkinmu ce ke yanke tsawon ran wannan bindiga, fiye da ingancin ƙirarta.

Akwai ranakun da wuta ke zuwa ba ƙarfi, fanka na juyawa da ƙyar. 'Yar fitilar bindiga za ta kama, ka ɗauka komai daidai ne. Amma zafin da irin wannan hita ke bayarwa ya fi ƙarfin wutar saurin faɗuwa: idan bolt 230 ya sauko zuwa 160, zafin da take iya samarwa kusan rabi ne. Wato bindigarka ta wat 300 ta koma ta 150 ba ka sani ba. Mai aiki ya ja kunama ya ji tauri, sai ya ƙara ƙarfi. Nan ne ɓarnar take. Kyandir yana shiga tukunyar ne ta cikin wani ɗan bututun roba da ke rungume shi, don kada narkakken gam ya dawo baya. In aka tura kyandir da ƙarfin tsiya alhali gaba bai buɗe ba, gam ɗin da ya ɗan narke ba shi da hanya sai baya. Ya tsallake bututun, ya malala cikin gangar jiki, ya daskare a kan abin da ke tura kyandir.

Na ga wannan da idona a bindigar wani maƙwabcina mai kujerun kushin, wanda ya sayi irin tawa bayan ya ga yadda take aiki. Ba a jima ba ya shigo da ita a leda, ransa a ɓace. "Malam, jabu aka sayar mini. Kunama ta ƙi gaba ta ƙi baya." Muka kwance sukurorin, muka raba gangar gida biyu. Ga gam nan fari fat ya cika bayan tukunyar, ya lulluɓe bututun robar, ya haɗiye sifirin ɗin kunama da 'yan faratan da ke cafke kyandir, har ya gangaro kusa da wayoyin maɓalli. Hitar lafiyarta ƙalau. Na tambaye shi ko yaransa na aiki da ita in wuta ta yi ƙasa, ya ce ai ba sa tsayawa. Na ce ko suna zare guntun kyandir ta baya in za su tashi? Ya ce kullum, don kada a yi asara. Da abin busar gashi muka riƙa ɗumama gam ɗin muna ɓanɓarewa da filaya kaɗan-kaɗan, muka ci sa'a bututun bai yage ba, ta tashi. Da ya yage, shi ke nan, domin ba za ka samu na canji ba.

Zare kyandir ta baya shi ne laifi na biyu, kuma kusan kowa na yi. Gaban kyandir ɗin da ke ciki narkakke ne. In ka jawo shi, ka jawo narkakken gam ka shafe bututun da hanyar da kyandir ke bi, wani lokaci har bututun kansa ya biyo. Abin da ya shiga ya shiga kenan, ta gaba kawai zai fita. In kana son canza launi ko nau'i, yanke abin da ya leƙo a baya da reza, sa sabon ya tura tsohon, ka zubar a kan tarkacen kwali har sabon ya fito tsab. In an tashi aiki, a bar guntun a ciki. Ba ya lalacewa.

Maganin wuta mara ƙarfi kuwa mai sauƙi ne: ko ka jona ta a sitabilaiza, ko ka koma janareto, ko ka rage hannu. Wat 300 ba wani nauyi ba ne, bai kai amfiya ɗaya da rabi ba, ƙaramin janareto ma yana ɗaukar ta tare da fanka da ƙwan fitila. Sai dai a bar janareto ya daidaita kafin a jona, kuma jarkar fetur ta yi nesa da teburin aiki. Haka gwangwanin solusho da tina, ga masu kushin da takalma, domin tururinsu ba ya son ganin abu mai zafi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗauke wuta. Bindigar gam ba ta ƙara, ba ta motsi. Wuta ta tafi da azahar, fitilarta ta mutu, ta huce, kowa ya manta da ita a jone. An rufe shago da magariba, cikin dare a kawo wuta, ta kama aiki ita kaɗai a kan teburin da ke cike da yankakken kwali da takarda da ribon. An ce masu kyau suna da abin da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima, kuma tawa ma tana katsewa tana dawowa in ta kai inda aka saita ta, ana jin ɗan ƙas ɗinta. Amma ba zan jingina jarina da na maƙwabtana a kan wani ɗan ƙarfe da ban taɓa gani ba. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba ya bukatar dogon bayani. Dokar shagona ita ce, wuta na tafiya a zare filogi, ba a kashe maɓalli kawai ba. Kuma na buga ƙusa a jikin ƙofa inda muke rataye kwado, a nan ake rataye kan filogin bindigar. Duk wanda zai rufe shago sai ya ga filogin kafin ya ɗauki kwado. In babu shi a wurin, ya koma ciki. Haka in za a tafi masallaci ko cin abinci. Duk hutun da zai kai rabin awa, a kashe ta. Ɗaukar zafinta bai kai tsawon alwala ba, babu dalilin barin gam yana dahuwa a ciki.

Wani gargaɗi ga masu son kayan gwanjo: za ka ga bindiga mai kyau, mai nauyi, an kawo daga Amurka, farashi kuma da sauƙi. Juya ta ka karanta jikinta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka jona ta kai tsaye, hitar za ta sha kusan ninki huɗu na abin da aka yi ta dominsa. In ba a rubuta 220 ko 230 ko 240 ba, ajiye musu kayansu, sai dai in kana da taransifoma mai rage wuta.

Ƙuna kuwa, ba a aikin nan a ce ba a taɓa ɗanɗana ba, amma akwai bambanci tsakanin ta ƙaramar bindiga da ta wannan. Ruwa a digiri 100 yake tafasa. Gam ɗin da ke fitowa a nan yana 190, zafin man da ake suyar ƙosai a ciki kenan, sai dai shi mai yana gangarewa, gam kuwa kama fata yake ya zauna yana ci. Kuma babbar bindiga ba ɗigo take zubarwa ba, matsa ɗaya ta isa ta cika maka ɗan yatsa.

Wani sabon yaro da aka kawo mini koyon aiki yana danna ribon a kan murfin akwati da babban yatsansa, gam ya huda ribon ya kama shi. Abin da jiki ke sa mutum ya yi shi ya yi: ya sa ɗaya hannun ya share. Ƙuna ɗaya ta zama biyu. Ya ɗago yana yarfe hannu yana cewa, "Oga, a miƙo man goge baki!" Na kama hannun na tsoma a bokitin ruwan da ke ƙarƙashin tebur, na sa wani ya riƙa kwarara masa da buta. Ruwan yana yin abu biyu, ya daskarar da gam nan take ya daina ci, ya kuma janye zafin da ya riga ya shiga nama. Abin da masu aikin lafiya ke koyarwa shi ne minti 20 ana zuba ruwa mai sanyi, kuma minti 20 ɗin na da tsawo ga mai jin zafi, sai an tsare shi. Ba ƙanƙara ba, ita ma tana lalata fata. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba gishiri, ba baƙin man inji da wasu ke rantsuwa da shi. In akwai zobe a cire shi kafin yatsa ya kumbura. Gam ɗin da ya manne kuma kada a fizge shi, fata zai taho da ita. In ya saki da kansa a cikin ruwa, to. In ya ƙi, a bar wa asibiti. Ƙunar da ta yi faɗi, ko ta yi fari ba ta zafi, ko ta samu fuska ko gaɓar yatsa, ta asibiti ce. Ido kuwa ba a ma tsayawa shawara, ruwa sannan asibiti. Yaron ya yi bororo biyu, ba mu fasa su ba, suka warke.

Tun daga teburin ake kare wannan. Ba a danna abu da yatsa tsirara a shagona. Akwai 'yan faffaɗan katakai da muka fere don haka, akwai kuma hular yatsa ta robar silikon ga mai aikin furanni da duwatsu. Safar hannu in za a sa, ta fata ko ta auduga mai kauri, ba ta nailan ba, ita narkewa take ta haɗu da gam ɗin. Silifas ma na hana a bakin tebur, domin ɗigon da ya kuɓuce a bayan ƙafa yake sauka. Masu kwalliyar wurin biki da ke manna abu sama da kansu, su sa tabarau. Kuma in gida kike aiki da ita, Hajiya, wayar da ke lilo daga kan tebur ita ce abin da mai rarrafe zai fara kamawa.

Kula da ita ba wani aiki ne mai yawa ba. Kullum a tsaye take a kan ƙafarta, baki na kallon ƙasa, da guntun tayil a ƙarƙashi yana tare ɗigo. Ba a kwantar da ita a gefe tana da zafi, ba a ɗaga bakinta sama, duka biyun suna mayar da gam baya. In za mu tashi, bayan an zare filogi tana da sauran ɗumi, sai a goge bakin da dunƙulen takardar alminiyam ta gashi ko tsumman auduga mai kauri. Gam ɗin da ya bushe a gangar jiki, ɗan sifirit a gefensa yana sa shi ya saki, amma sai ta huce sarai, don sifirit na kama wuta. Ba a tsoma ta a ruwa.

Bakin nan akwai abu a cikinsa. Wata 'yar ƙwallon ƙarfe ce da sifirin ke tokare da ita, ita ke rufe hanya in ka saki kunama. Shi ya sa nake hana zura ƙusa ko waya a ciki in ya toshe: ka lanƙwasa sifirin ɗin, bindiga ta koma zuba ba tsayawa. In ya toshe, bar ta ta yi zafi sosai tukuna, sau da yawa shi ke nan. In ya ƙi, a kwance bakin. Ana kwance shi ne da zafinsa, domin a sanyi gam ya riƙe zaren da ake murɗa bakin a kai, ka matsa ka cinye shi. Ka bari ta yi zafi, ka zare filogi, ka sa safar fata, ka juya bakin nesa da fuskarka da ta kowa, ka sassauta da sifana a hankali, kada hannu ya taɓa kunama. Wani lokaci akwai matsi a ciki, yana iya tsartowa. Wajen mayarwa kuma kada a ɗaure shi tamau, tagulla ce a cikin alminiyam.

Ɗigo biyu ko uku lokacin da take ɗaukar zafi ba laifi ba ne, gam ne ke kumbura in ya narke. In ta ci gaba da zuba tana ajiye, ko zafi ya yi yawa, ko datti ya hana ƙwallon zama. Zaren da ke biyo baki in ka ɗaga yana ƙaruwa in zafi ya yi ƙasa. Ka saki kunama kafin ƙarshen layi, ka ɗan murɗa bakin a wurin, zai tsinke.

Kyandir ma sai an zaɓa, kuma a nan mutane ke tsimin da ke jawo asara. Akwai na milimita 11, akwai na 12, a ido kusan ɗaya ne. Wanda ya yi wa bindigarka siriri yana barin hanyar da gam zai dawo baya, wanda ya yi kauri yana wahalar da bututun. Ka tafi kasuwa da guntun wanda ka san ya yi mata daidai. In ka ɗauki sanda, lanƙwasa ta. Mai kyau tana lanƙwasuwa ta dawo. Wadda aka cika wa gari tana yin fari a wurin ko ta karye. Da kilo nake saya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗai-ɗai. Ajiyarsa a rufe, cikin leda ko bokiti mai murfi. Da hunturu ƙura na manne masa, duk ƙurar nan kuma cikin tukunya za ta. Da bazara in aka bar shi kusa da rufin kwano sai ya lanƙwashe ya manne da juna. Hunturu kuma na rage lokacin da kake da shi kafin gam ya kama. Da sassafe in kwali ya yi sanyi, 'yan daƙiƙu ne, don haka gajerun layuka muke ja mu danne nan take.

Yadda nake gane ko manni ya yi: in haɗa guntaye biyu, in bar su su huce, in yage. In fuskar kwalin ta yage ta biyo gam, ya kama. In gam ya ɓallo sumul ya bar kwali lafiya, ko zafi bai isa ba, ko an makara wajen dannawa, ko kyandir ɗin ne, ko kuma fuskar ce ba ta karɓa. Duk sabon kilo da ya shigo sai na yi masa wannan gwajin kafin ya hau aikin mutane.

Akwai inda bindigar ba ta da laifi, gam ɗin ne bai dace ba, kuma gara a faɗa. Kwalin da aka lulluɓe da leda mai sheƙi, irin na turare masu tsada, gam na yau da kullum ba ya riƙe shi da kyau. Mu kan kankare wurin da za a manna, ko mu sa mai buga kwalin ya bar gefen ba leda. Robar bokiti da ta jarka ba sa karɓa. Ƙarfe mai sanyi yana daskarar da gam kafin ya kama, sai an ɗumama shi. Tafin takalmi ba aikinsa ba ne, wannan na solusho ne. Sannan zafi: abin da zafi ya narkar, zafi na iya sassauta shi. Farin kyandir na fara laushi tun wajen digiri 60 zuwa 70, kuma cikin rufaffiyar mota da aka ajiye a ranar watan Afrilu yana iya kusantar haka. Katan mai nauyi da zai hau mota zuwa Maiduguri ko Agadas, ina manna shi da gam don sauri, amma sai na bi shi da salatif ko igiya. Masu gyaran waya da rediyo kuma, gam na riƙe waya a wurinta, amma ba ya maye gurbin dalma.

Inda ita kanta bindigar ta gaza, ga su. Wayarta gajera ce, kuma mai tauri, tana jan bindigar ta kayar da ita in ba a yi hankali ba. Filoginta mai ƙafa biyu ne zagayayyu, irin wanda ake tura wa tsinke a soket kafin ya shiga. Na sa mai gyaran wuta ya canza mini da mai ƙafa uku mai fis, tun ranar farko. Ƙafar da take tsayawa a kai siririya ce ga nauyinta, sai da na sa kafinta ya yi mata mazauni na katako. Lambobin ma'aunin zafi fenti ne kawai, sun fara gogewa, kuma abin murɗawar ba shi da makulli, gwiwar hannu na iya gusar da shi. Tana da nauyi, wanda ya saba da ƙarama zai ji a kafaɗa kwanakin farko, kuma ga aikin ƙananan duwatsu da ɗinkin kwalliya ta yi girma, gam ɗin da take zubarwa ya fi abin da ake so. Don haka ban jefar da ƙananan ba, suna nan a gefe suna nasu aikin.

Babbar damuwata ita ce kayan gyara. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Steinel da Bosch na Jamus, da TEC na Ingila, da 3M na Amurka, kuɗinsu ya fi, amma kana sayen abin da ka san sunansa da lambarsa, kana iya neman bakinsa daban. Manyan masana'antu ma sun wuce nan, suna da masu aiki da iskar kwamfaresa da ke cin dunƙulen gam mai kaurin milimita 43, har da masu fesawa. Akwai masu batir, akwai masu gas, ga wanda ke aiki inda babu soket. Irin tawa kuwa, in wani abu ya mutu a ciki, sai dai ka nemi wata matacciya ka ciro.

Saboda haka in za ka saya, kada ka karɓa a rufe a kwali. Sa mai shago ya jona ta a gabanka, ka saita 190, ka jira, ka zubar da rabin sanda a jere ba tsayawa, ka ji ko kunama za ta yi tauri a hanya. Saki kunamar ka ga ko zubar ta tsaya. Murɗa ma'aunin ƙasa ka saurari ƙas ɗin katsewa, don akwai waɗanda abin murɗawar ado ne kawai. Ja wayar a hankali daga inda ta shiga gindi ka ga ko tana motsi. Kuma ka tambayi baki na canji a ranar, mai dogon hanci da mai faɗi in suna da su, ka haɗa ka biya gaba ɗaya, domin in ka dawo bayan wata biyu, wata ƙirar za ka tarar a kan kanta, zaren bakinta daban.